Ra'ayin riƙau da ra'ayin sassauci: wa ke da magana a kan gona da burtali?

A rediyo muna yawan jin ana cewa "masu ra'ayin riƙau" da "masu sassaucin ra'ayi". Wasu suna zaton zancen 'yan birni ne kawai. Ba haka ba ne. Duk ranar da aka yi gardamar gona ko rijiya ko burtali a nan Ollelewa, waɗannan ra'ayoyi biyu suna cikin zaman shari'ar.

Mene ne ra'ayin riƙau?

Mai ra'ayin riƙau yana cewa: abin da muka tarar iyaye da kakanni suna yi, kada mu yi gaggawar zubar da shi. A girmama sarki da malamai da dattawa. Gida da dangi su ne gaba da mutum guda. Gonar gado ta gandu ce, ba ta sayarwa ba ce. In canji ya zama dole, a yi shi sannu a hankali.

Mene ne ra'ayin sassauci?

Mai sassaucin ra'ayi yana cewa: kowane mutum yana da haƙƙinsa, ko ɗan sarki ne ko talaka, ko namiji ko mace. Doka guda ce ta hau kan kowa, har mai mulki. Mutum ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro. Abin da ya mallaka kada a karɓe masa ba bisa shari'a ba. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a Faransa a shekarar 1789. A 1948 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam. Kusa da mu, a Kano, Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU sun yi ta fafutikar 'yancin talakawa tun daga 1950.

Yaya abin ya kasance a ƙasarmu?

A da, a nan Damargu, mai son noma wurin maigari yake zuwa, a nuna masa daji ya sare. Wani kuma aron gona ake ba shi, in an yi girbi ya kai damin hatsi ga mai ita. Babu takarda, shaidar dattawa ta isa. Makiyayi ya san hanyarsa, bayan girbi ya sauka a gona, bisashe su ci kara su bar taki.

Da jama'a ta yi yawa, daji ya rage, sai gwamnati ta sa hannu. A 1961 an yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta aka bar wa kiwo. Layin ya bi ta ƙasar Tanut, amma a hankali gonaki suka ƙetare shi. A 1974 shugaba Seyni Kunce ya ba da sanarwa cewa gona tana nan hannun wanda ke nomanta. Masu aro suka yi murna. Masu gonakin gado kuwa suka ga an taɓa musu abin kakanninsu, wasu ma suka daina ba da aro. Kun ga ra'ayoyin nan biyu sun yi karo a fili.

Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ake kira Kod Rural. Dokar ta ce mallakar da aka samu ta hanyar al'ada tana da daraja daidai da ta takarda. Ta kuma kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. A ƙauye maigari ne shugaban Kofo, amma ba shi kaɗai yake zama ba. Akwai wakilin manoma, da na makiyaya, da na mata, da na matasa, da magatakarda. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta ce tafiya da bisashe neman ciyawa da ruwa haƙƙin makiyayi ne. Wato doka ta ɗauki wani abu daga kowane ɓangare: ta bar wa maigari kujerarsa, ta ba talaka bakin magana.

Ina amfanin kowanne, ina illarsa?

Dattijo ya san iyakar da ba a rubuta ba. Ya san wa ya haƙa rijiya, wa ya sare daji. Sulhun da ya yi yakan bar zumunci, ba kamar shari'ar da ake kai wa Tanut ba, mai cin kuɗin mota da kwanakin aiki. Wannan alherin riƙau ke nan. Amma da sunan al'ada akan hana ɗiya mace gonar ubanta, alhali addini ya ba ta rabin rabon ɗan'uwanta. Da sunan al'ada kuma akan ce wa baƙo ko marar gata ya yi shiru.

Takarda tana kare marar ƙarfi, ba ta mantuwa, ba ta mutuwa tare da shaidu. Wannan alherin sassauci ke nan. Amma in kowa ya ce "gonata ce, in yi yadda na so", sai mai kuɗi ya saye gonakin mabukata a shekarar yunwa. Wani kuma ya nome burtali, bisashe su rasa hanyar ruwa, faɗa ya tashi.

Me ya kamata mu yi?

In za ka saya, ko ka ba da aro ko jingina, a yi gaban maigari da shaidu, kuma Kofo ta rubuta takarda. In an raba gado, a rubuta rabon mata da sunayensu. Manomi ya bar burtali a buɗe, makiyayi ya jira ranar sakin gonaki. Kada ka dangwala hannu a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Don haka muke kiran maza da mata zuwa ajin yaƙi da jahilci da ranin nan, domin wanda ya iya karatu shi ke duba takardar gonarsa da idonsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka da zaman lafiya. Amin.