Gaɓar Kainji: Masu Ba Da Haske Su Ne Ke Shan Ambaliya

A cikin shekarar 1968 aka datse Kogin Kwara a Kainji, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, har ya kai ƙasar Yauri. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga gidajensu. Cikinsu har da Gungawa, waɗanda tsibiransu da gonakin albasarsu suka nutse. A watan Fabrairu na 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar lantarkin, wadda daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760. Birane suka sami haske, amma ƙauyuka da dama na Ngaski da Shanga suka ci gaba da kwana da fitilar aci-balbal.

To, yanzu kuma wata wahalar ta sake faɗo wa mutanen wannan gaɓa, wato canjin yanayi. Manomi da basarke sun saba lissafi da cikowar kogi sau biyu a shekara: farin ruwa na ƙarshen damina, da baƙin ruwa mai tasowa daga tsaunukan Gini ya iso da sanyin hunturu. Masana sun tabbatar cewa zafin duniya na sa ruwan sama zubowa da yawa a lokaci ɗaya, don haka lissafin ya fara kuɓuce musu. A 2012 da 2020 ambaliya ta cinye shinkafa mai ɗimbin yawa a fadamun Jihar Kebbi, ta bar manoma da bashi. A 2022 kuwa ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya.

Abin takaicin shi ne, ba su ne suka jawo wannan masifa ba. Hayaƙin da ke ɗumama duniya daga ƙona kwal da fetur da gas yake fitowa, kuma kason Afirka duka bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Ƙasashe irin su Sin da Amurka da na Turai su ne a gaba. Wannan ne ya sa a taron da aka yi a Masar a 2022 aka amince da kafa asusun taimakon ƙasashen da suka yi asara.

Amma fa ko a gida akwai bambanci. Mafi yawan lantarkin Nijeriya daga gas ake samunsa. Saboda haka ma'aikacin da ya tashi ofis ya bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki har gari ya waye, hayaƙi ya ƙara. Buhun gawayin da ake saya a birni, itacen dajin ƙauye ne aka sare. Ledar ruwan da ɗalibi ya jefa a kwata kuwa, ita ce za ta toshe magudana, in ta tsira ta gangara kogi ta maƙale a komar masunci.

Gaskiya ne kashe ƙwan fitila ɗaya ba zai hana kogi cika ba. Babban aiki yana wuyan gwamnatoci, da hukumar HYPPADEC da aka ɗora wa kula da yankunan madatsun ruwa. Sai dai Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Wanda ke moriyar hasken Kainji, ya kamata ya tuna da waɗanda suka ba da gonakinsu domin ya samu.