Kowa da Nasa: Abubuwan Ban Mamaki Goma Kan Masoya 'Yan Damben Boksin

Hausawa na cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. A damben boksin kuwa da wuya ka sami ɗan kallon da babu ruwansa. Tun ba a buga ƙararrawar farko ba kowa ya zaɓi gwaninsa. Wani tutar ƙasa ce ta ja shi, wani addini, wani kuma tashi ya yi ya tarar gidansu wane ake so. Ga misalai goma daga tarihin wannan wasa.

1. Ranar da Amurka ta jingina da baƙar fata

A ranar 22 ga Yuni 1938, a New York, Joe Louis ya kara da Max Schmeling na Jamus, wanda gwamnatin Hitler ke tallatawa a matsayin hujjar fifikon jinsinsu. Fararen Amurka masu yawa, a zamanin da baƙar fata ba ya zama teburi ɗaya da su a jihohin kudu, suka koma yi wa Louis fatan nasara. Cikin daƙiƙa 124 ya gama da abokin karawarsa. Shi kuwa Schmeling bai taɓa shiga jam'iyyar Nazi ba. Manajansa ma Bayahude ne, kuma a watan Nuwamban shekarar Schmeling ya ɓoye yara biyu Yahudawa a ɗakinsa na otal a Berlin lokacin da ake farautarsu. Daga baya suka ƙulla abota da Louis, har ya riƙa tallafa masa da kuɗi.

2. Kare ya jawo wa Foreman baƙin jini

Muhammad Ali da George Foreman duk baƙaƙen fata ne 'yan Amurka, amma a Kinshasa, a 1974, gari gaba ɗaya na Ali ne. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne Foreman ya sauka daga jirgi riƙe da ƙaton kare, irin wanda 'yan sandan mulkin mallaka na Beljiyam ke cuna wa jama'a a da. Ali kuwa ya shiga unguwanni yana gaisawa da mutane. Duk inda ya gifta sai ka ji "Ali, boma ye", wato Ali, kashe shi. A turmi na takwas ya yi kisan.

3. Damben da ya raba uba da ɗa

A 1967 Ali ya ƙi shiga soja don yaƙin Vietnam, aka ƙwace masa kambu, aka hana shi dambe sama da shekara uku. Da ya haɗu da Joe Frazier ranar 8 ga Maris 1971, gidaje da yawa a Amurka suka rabu biyu: samari masu ƙin yaƙin suna bayan Ali, iyaye masu goyon bayan gwamnati suna bayan Frazier. Alhali Frazier ɗan talakawa ne daga Carolina ta Kudu, wanda ya yi aiki a mayanka, kuma ya taimaki Ali da kuɗi a lokacin da aka dakatar da shi. An ɗora masa siyasar da bai nema ba, abin ya ci masa rai shekaru masu yawa.

4. Wanda ya ƙi ɗaukar tutar kowa

Barry McGuigan ɗan Katolika ne daga Jamhuriyar Ayilan, ya auri 'yar Furotesta, ya kuma karɓi takardar zama ɗan Birtaniya, a lokacin da ake zubar da jini a Ayilan ta Arewa kan waɗannan abubuwan. Sai ya ƙi shiga fili da tutar kowane ɓangare, ya zaɓi alamar kurciyar zaman lafiya. A maimakon taken ƙasa, mahaifinsa ke hawa ya rera wata tsohuwar waƙa da duka ɓangarorin biyu ke so. Mutanen da ba sa bin titi ɗaya a Belfast suka riƙa zama kafaɗa da kafaɗa don kallonsa. Ya ci kambun duniya a Landan a watan Yunin 1985.

5. Faransawa sun ƙwato wa ɗan Senigal haƙƙinsa

A watan Satumban 1922, a Paris, Battling Siki ɗan garin Saint-Louis ya buge Georges Carpentier, ɗan lelen Faransa. Alƙalin wasa ya ce Siki ya yi ƙeta, ya ba Carpentier nasara. 'Yan kallo Faransawa da kansu suka yi ta ihu har aka soke hukuncin, Siki ya zama haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun duniya. Bayan wata shida ya je Dublin kare kambun, a ranar bikin ƙasar Ayilan, da ɗan ƙasar, Mike McTigue, aka ce ya faɗi da maki. An kashe shi a New York a 1925, kuma sai a 1993 aka mayar da ƙasusuwansa gida Senigal.

6. Dick Tiger tsakanin tuta biyu

A watan Agustan 1963 Dick Tiger ya doke Gene Fullmer na Amurka a filin wasa na Liberty da ke Badun, Najeriya duka ta yi murna, daga teku har Sahel. Shekara huɗu bayan nan yaƙin basasa ya ɓarke. Tiger, ɗan Amaigbo, ya bi Biyafara, ya riƙa shiga fili a Amurka da sunanta, har ya mayar wa Birtaniya lambar girman da ta ba shi saboda tana goyon bayan gwamnatin tarayya. Waɗanda suka yi masa tafi jiya suka juya masa baya. Bayan yaƙi aka bar shi ya dawo gida yana fama da ciwon hanta, ya rasu a watan Disamban 1971 yana da shekara 42.

7. Ya yi nasara, unguwarsu ta yi fushi

Oscar De La Hoya a Los Angeles aka haife shi, iyayensa 'yan Meziko. A gasar Olamfik ta 1992 ya ci zinare, ya cika alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa kafin ta rasu, ya ɗaga tutocin ƙasashen biyu tare. Amma da ya doke Julio César Chávez a 1996, da yawa daga 'yan unguwarsu suka ƙullace shi. A wurinsu Chávez shi ne Meziko: mutumin da 'yan kallo sama da 132,000 suka cika filin Azteca dominsa a 1993.

8. Ɗaya ya rasa gida, ɗaya ya sami biyu

An haifi Lennox Lewis a Landan, ya koma Kanada yana ɗan shekara 12, ya ciyo mata zinare a 1988. Da ya dawo Ingila sai aka riƙa yi masa kallon baƙo. A karawarsa da Frank Bruno a Cardiff a 1993, yawancin 'yan kallo Bruno suke so, ko da yake Lewis ne ya yi nasara a turmi na bakwai. Anthony Joshua kuwa, haifaffen Watford mai tushe a Shagamu, ƙasashe biyu ne ke cewa nasu ne. Ya ciyo wa Birtaniya zinare a 2012, yana ɗauke da zanen taswirar Afirka a kafaɗarsa an fito da Najeriya a ciki. A Janairun 2020, a Landan, ya kwanta ƙasa ya gaida Shugaba Muhammadu Buhari irin gaisuwar Yarabawa.

9. Alkawarin da aka yi wa uwa

A 2011 manyan kambuna huɗu na ajin masu nauyi duk suna gida ɗaya: uku a hannun Wladimir Klitschko, ɗaya a hannun wansa Vitali. Duniya ta so ta ga wa ya fi, amma sun riga sun yi wa mahaifiyarsu alkawari ba za su taɓa dambatawa da juna ba, kuma har suka yi ritaya ba su saɓa ba. An haifi Vitali a Kirgistan, Wladimir a Kazakistan, suka yi suna a Jamus, suka riƙe tutar Yukiren. A 2014 Vitali ya zama magajin garin Kyiv.

10. Gabar da aka gada

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 2001 Laila, 'yar Muhammad Ali, ta kara da Jacqui, 'yar Joe Frazier, ta yi nasara da maki bayan turmi takwas. A Ingila, Chris Eubank ya doke Nigel Benn a 1990, suka tashi babu kisa a 1993. A 2025 'ya'yansu suka ɗora daga inda iyaye suka tsaya: ɗan Eubank ya ci a Afrilu, ɗan Benn ya rama a Nuwamba. Da yawa daga matasan da suka cika filin ba a ma haife su ba lokacin da aka fara wannan gaba. A bakin iyayensu suka ji ta.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan damben gargajiya ya san wannan hali. Akwai Arewa, akwai Kudu, akwai Guramada, kuma ɗan kallo yakan riƙe ɓangarensa ko gwaninsa ya sha kisa sau goma. Ɗan dambe ma da sunan ubangidansa yake shiga fili: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane. Son naka ba laifi ba ne, shi ne ma gishirin wasan. Sai dai mai karatu ya lura, Louis da Schmeling sun ƙare a matsayin aminai, Ali da Foreman ma haka. Idan waɗanda suka sha naushin sun iya yafe wa juna, ɗan kallo ba shi da hujjar ɗaukar gaba ya kai gida. A yi kirari, a yi tafi, in an tashi daga fili a gaisa.