A rumfar Baba mai gyaran injin huda, kasuwar Gummi

Shekara shida rabona da kasuwar Gummi. Abin da ya kai ni wannan karon ɗan ƙanena ne, mai walda, wanda injinsa na huda ƙarfe ya ƙone ana tsakiyar aikin ƙofofi. Ƙofar ƙarfe kuwa ita ake yayi yanzu daga nan har Bukkuyum da Anka. Duk wanda ya sami ɗan hali sai ya cire ta katako, saboda abin da dare ke zuwa da shi.

Layin 'yan kayan ƙarfe ya rame, har raina ya ɓaci. Na san shi lokacin da zinariya ke ci, masu haƙa na sayen guduma da shebur ba su ko tayawa. Sai gubar dalma ta 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, a 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako, aka datse layukan waya. Kowace daga cikin waɗannan ta tafi da nata 'yan kasuwar, wasu sun koma Gusau, wasu Sakkwato, wasu jarin ne ya karye.

Baba dai yana nan inda na bar shi, kan benci, da tabarau ɗaure da zare. Gabansa tire ne cike da gawarwakin injuna, gefe kuma ƙullin jar waya da yake naɗin kwayil da ita. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ce, "Alhaji, mi yaron zai huda, katako ko ƙarfe?" Na ce ƙarfe, wuni guda, wani lokaci da bulo. Na nuna wani mai batir, sabo fil a kwali. Ya girgiza kai. Mai walda janaretansa na kunne tun safe, me zai yi da batir? Zafin bazara na cinye shi, idan ya mutu kuma kuɗin sabo ya kusa kuɗin injin.

Ya miƙo mini guda biyu. "Ɗauka ka ji nauyinai." Na farko sakayau, an rubuta masa wat 2,000 da manyan baƙaƙe. Na biyu tsohon Bosch ne na gwanjo, fentinsa ya koɗe, wat 750 kacal, amma sai da hannuna ya yi ƙasa. Baba ya ce nauyin nan jar waya ce. Jabun da alminiyam ake naɗa shi, da ya ɗumama sai ƙauri. Rubutun jiki kuwa ai kowa na iya bugawa.

A nan ne na ga gwaninta. Ya ɗaura tsinke a bakin Bosch ɗin, ya ɗaure da makulli ta ramuka uku, ya kunna, ya kanne ido yana kallon tsinin: in yana rawa, sandar ciki ta lanƙwashe. Ya leƙa ta tagogin iska, tartsatsi kaɗan ne shuɗi, ba wuta ke zagaya ciki ba. Ya kara a kunne kamar mai sauraron ƙirjin yaro. Baki mai milimita 13 yake so, na makulli, don wanda ake ɗaurewa da hannu sulɓewa yake in ƙarfe ya yi tauri. Gidan giyar injin ya zama na ƙarfe, da mariƙin gefe, kada ranar da tsinke ya cije ya murɗe wa yaro wuyan hannu. Sai babban sharaɗinsa: a tabbata ana samun kabon ɗinsa a Gusau ko Kano. Injin da babu kayan gyaransa, a wurin Baba, haya ka yi, ba saye ba.

Muka shiga ciniki. Ya ce dubu sittin. Na taya talatin da biyar, ya ce albarka, ko kallona bai yi ba. Na tuna masa cewa da kuɗin nan can baya injin walda ake saye. Ya ce in je in tambayi dala, da ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500, in tambayi fetur tun da aka cire tallafi a 2023, sannan in ƙirga shingayen da kaya ke wucewa daga Ƙofar Ruwa ta Kano, ta Mayanci, kafin su iso nan. Maganar shingayen nan ita ta fi ci mini rai, don kowane da abin da ake ajiyewa, kuma talaka mai walda ne ke biya daga ƙarshe. Na ƙara goma. Ya yi shiru, ya ce in cika hamsin, ya sallama.

Yana naɗe wayar yana yi mini gargaɗin da zan kai wa yaron: kada ya kunna injin lokacin da ake walda a kan ƙaramin janareta, ya huda ƙarfe a hankali yana ɗiga baƙin mai, ya riƙa hure ƙurar hunturu daga tagogin. Ya ƙulla mini kabon guda biyu a leda, ya ce gyara ne.

Wata takwas ke nan injin yana aiki a bakin titi, sau ɗaya aka canja masa kabon.