Kalmomi Biyar Na Turanci Masu Rikita Akawu Da Ɗan Makaranta

Duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon Turanci, ko ya taɓa riƙe fayil a ofishin gwamnati, ya san akwai waɗansu haruffa huɗu da ba su da tabbas a bakin Bature, watau o, u, g da h. In suka jeru a ƙarshen kalma, mai karatu ba shi da hanyar sanin lafazinta sai in ya taɓa jin an faɗe ta.

A cikin kalmomi masu haruffa biyar akwai guda biyar da aka fi cin karo da su: tough, rough, cough, dough da bough. Harafin farko kaɗai ya raba su a rubuce, amma a baki sun kasu gida huɗu. Tough ana faɗinta kamar "taf", ma'anarta abu mai tauri ko mai wuya, kamar naman tsohuwar saniya ko jarrabawar da ta gagari ɗalibai. Rough ita ce "raf", watau mai kaushi, kuma da ita ake kiran rubutun farko na wasiƙa wanda ba a gyara ba tukuna. Cough kuwa "kof" ce, tari ke nan, kalmar da ma'aikaci ke bukata in zai rubuta takardar neman izinin zuwa asibiti. Dough ana jan ta kamar "dou", ita ce kwaɓaɓɓiyar fulawa kafin a sa ta a tanda, ko da yake a bakin mutanen Amurka takan zama kuɗi. Ta ƙarshe, bough, lafazinta "bau", babban reshen itace ne, kuma an fi samunta a littattafan adabi.

Dalilin wannan rikici yana cikin tarihi. A zamanin da, Turawan Ingila suna furta gh daga maƙogwaro, kusan yadda almajiri ke furta harafin ha mai ruwa na Larabci in ya bi ƙa'idar tajwidi. Tsakanin ƙarni na 15 da na 17 sai wannan sauti ya ɓace daga bakin yawancinsu. A waɗansu kalmomi ya koma f, a waɗansu ya yi shiru ɗungum, wasulan da ke gabansa su ma suka sāke. To, a daidai wannan lokaci ne William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, cikin 1476, masu ɗab'i suka fara tsayar da rubutu a kan hanya ɗaya. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure shi. Baki ya yi gaba, alƙalami ya tsaya inda yake. Har yanzu ana jin tsohon sautin a ƙasar Ailan cikin kalmar lough, watau tafki, kamar a sunan Lough Neagh.

Abin da ya fi shafar ma'aikata shi ne 'yan'uwan waɗannan kalmomi masu ɗan tsawo. Ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa babban sakatare kai tsaye, sai ta hannun shugaban sashensa, kuma kalmar da ake sa wa a saman wasiƙar ita ce through, mai haruffa bakwai. In mai bugawa ya tsallake r, ta zama though, watau "ko da yake". In ya ƙara o, ta zama thorough, watau aikin da aka yi ba a bar kome ba. Na'urar kwamfuta ba za ta ja layi ta nuna kuskure ba, domin duka ukun kalmomi ne sahihai. Wasiƙar neman ƙarin girma da ta fara da irin wannan tuntuɓe ba ta taimaki mai ita ba.

Ga 'yan makaranta kuwa, Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, tana da takarda ta musamman a kan lafazi, inda ake cewa ɗalibi ya zaɓi kalmar da sautinta ya yi daidai da wata. Wanda ya dogara ga idonsa zai haɗa cough da dough, ya yi asarar maki. Dabarar da ta fi amfani ita ce a haddace kowace tare da abokiyar amonta: tough da stuff, cough da off, dough da go, bough da cow.

Ko Turawan su kansu ba su tsira ba. A wasan Wordle, wanda Josh Wardle ya fito da shi a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a 2022, ana ba mutum dama shida ya gano kalma mai haruffa biyar. Wanda ya samu haruffa huɗun ƙarshe daidai yana iya ƙare damarsa yana laluben na farko.

Bai kamata Bahaushe ya yi wa Bature dariya da yawa ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa garin da ake tuƙa tuwo da shi da garin Kano suke da rubutu iri ɗaya, sai dai jimla ta nuna wanda ake nufi.