Shaho biyu a sararin Yobe: na gida da baƙo

Masu kiwon tantabara da kaji a Potiskum sun san shaho, amma da yawa ba su bambance irinsa biyu.

Na gida shi ne wanda masana ke kira Falco biarmicus. Yana nan rani da damina. Ƙeyarsa jaja-jaja ce, ƙirjinsa da haske, baƙin layin da ya sauko daga idonsa siriri ne. Yakan bi kurciya ƙasa-ƙasa a guje, wani lokaci namiji da mace su yi farauta tare, ɗaya ya tayar, ɗaya ya cafke. Ba ya gina sheƙa, sai ya gaji tsohuwar sheƙar hankaka ko ya sami gefen dutse.

Baƙon kuwa, Falco peregrinus, galibi daga Turai yake zuwa lokacin sanyinsu, ya bi garken tsuntsayen ruwa a fadamun Hadejia da Nguru. Kansa baƙi ne wuluk kamar ya sa hula, layin kumatunsa mai faɗi, ƙirjinsa kakkaura. Yakan haye sama can, ya naɗe fikafikai, ya sulalo da gudun da ya zarce kilomita 300 a awa. Babu dabbar da ta kai shi gudu.

Maganin ƙwari na DDT ya kusa ƙarar da irin wannan baƙon shaho a Amurka kafin a hana amfani da maganin a 1972. Manomanmu su kula da feshi, domin gubar da ƙananan tsuntsaye suka ci a jikin shaho take taruwa.