Gandun Exmoor na Ƙasar Ingila

A kudu maso yammacin Ingila akwai wata ƙasa mai tuddai wadda ake kira Exmoor. Ta sami sunan nan ne daga kogin Exe, wanda ke tasowa daga cikinta. Mafi yawanta na cikin lardin Somerset, saura kuwa a lardin Devon, girmanta duka murabba'in mil 267 ne. A shekarar 1954 gwamnati ta mai da ita gandun ƙasa, watau wurin da aka keɓe don kada a ɓata kyansa. Amma kada ku zaci an tashi mutane an bar wa namun daji. Mutum wajen 10,000 ke zaune a ciki, suna noma, suna kiwon tumaki da shanu, mafi yawan filayen kuwa na masu su ne.

Wanda ya hau kan tuddan nan zai yi tafiya mai nisa bai sami itacen da zai fake ba. Ba abin da zai gani sai ciyawa, da wani gajeren tsiro mai ƙarfin jijiya da Turawa ke kira heda. Tudun da ya fi duka tsawo shi ne Dunkery Beacon, ƙafa 1,705 bisa teku. Cikin watan Agusta heda kan yi fure, sai ka ga tudu duka ya rine, kamar an shimfiɗa masa shunayya. Lokacin sanyi kuwa sai hazo da iska, har wanda ya san wurin yakan ɓata.

Dabbobi biyu ne suka yi suna a nan. Ta fari wata irin babbar barewa ce ja, wadda namijinta ke da ƙahoni masu rassa kamar itace. Kowace shekara ƙahonin nan sukan faɗi, waɗansu sababbi su fito. Cikin watan Oktoba mazan kan yi ruri suna karo da juna saboda mata, ana jin su daga nesa. Ta biyu kuwa wani gajeren doki ne mai ruwan ƙasa, mai farin baki. Gashinsa ninki biyu ne lokacin sanyi, na ciki ya ba shi ɗumi, na waje ya zubar da ruwa, saboda haka yakan kwana a fili ko ana ƙanƙara. Dawakin nan suna yawo yadda suka ga dama, amma kowane yana da mai shi, sau ɗaya a shekara akan tattaro su a duba. Sa'ad da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, saura kamar 50 kaɗai suka rage, gama ɓarayi sun sace da yawa saboda nama. Da ƙyar makiyayan wurin suka ceci irin.

To, abin mamaki shi ne, bakin dabbobi ne ke riƙe da kyan tuddan nan. In an daina kiwo, sai ƙaya da ƙananan itatuwa su rufe heda su kashe ta. In kuwa aka sa garma, nan ma ta tafi ke nan. Bayan yaƙi manoma suka yi ta nome tuddai suna shuka ciyawar tumaki, har fili mai yawa ya salwanta. Manomi ba shi da laifi, abin da zai ciyad da iyalinsa yake nema. Aka yi ta gardama har 1977, sa'ad da Lord Porchester ya bincika al'amarin ya rubuta rahoto. Daga nan aka soma biyan manomi kuɗi don ya bar tudunsa yadda ya same shi.

Ta wajen arewa tuddan nan ba su gangara a hankali ba, sai suka yanke tsaye a bakin teku. A wani wuri da ake kira Great Hangman, tsawon gaɓar dutsen ya kai ƙafa 800. Saboda haka ƙauyukan bakin teku suka matsu cikin kwaruruka, inda koguna ke faɗawa teku. Ɗaya daga cikinsu shi ne Lynmouth. Ɗan'uwansa Lynton yana bisa kansa da ƙafa 500, tun 1890 kuwa wani ɗan jirgin ƙasa ke haɗa su, wanda ba ya shan mai ko gawayi. Taragu biyu ne ɗaure da igiyar ƙarfe. Akan cika tankin na sama da ruwa, nauyinsa ya gangaro da shi, shi kuwa ya jawo na ƙasa.

Ruwan nan da ke yi musu aiki ya taɓa cin su. Ƙasar kan tudu baƙa ce mai laushi, tana shan ruwa kamar soso, amma soso ma in ya cika sai ya zubar. Ran 15 ga Agusta, 1952, bayan an yi kwanaki ana ruwa, aka sake sheƙa inci 9 cikin yini da dare. Koguna biyu suka gangaro wa Lynmouth da dare, ɗauke da duwatsu da itatuwa, suka rushe gidaje da gadoji, mutum 34 suka rasu. Da aka zo sake gina garin, sai aka faɗaɗa wa kogi hanyarsa.

Can kudu kuma, a kan kogin Barle, akwai wata tsohuwar gada mai suna Tarr Steps, tsawonta ƙafa 180. Manyan falalen duwatsu ne aka ɗora bisa waɗansu, ba siminti, ba ƙusa. Ambaliya ta sha kwashe ta, har da ta 1952 da ta 2012. Don haka aka sa wa kowane dutse lamba, in ruwa ya janye sai a tsamo su a mai da kowane wurinsa.