Jiran Jirgi a Kano Ba Zaman Banza Ba Ne

Malami ko akawun da ya taso daga Sabon Birni ko Isa zai haye zuwa Jidda, wani lokaci yakan yi jiran awa shida a filin jirgin saman Kano. Waɗansu sukan ƙare lokacin nan da gyangyaɗi bisa benci. Wannan kuwa hasara ce.

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, cikin 1925, birnin kuma ba shi da nisa da filin. Sai mutum ya fara da Gidan Makama, inda aka tara kayan tarihi, sa'an nan ya nufi Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. In da sauran lokaci, ya leƙa marinar Ƙofar Mata. Bagobiri zai tuna kakanninsa sun kara da Kanawa zamanin Babari, yau ga shi ya shigo birnin da sallama.

Amma fa a kula. A riƙe fasfo da tikiti a jiki, a gama ciniki da direba kafin a shiga mota, a komo fili saura awa uku, gama jirgi ba ya jiran kowa. Malami kuma ya rubuta abin da ya gani, domin almajiransa su amfana.